Mai Dogon Shawara da Uwar Tarwaɗa

Wani ne aka yi a wani ƙauye na ƙasar Ngaski, can bakin tafkin Kainji, a 'yan shekarun da aka yanke mana jihar Kebbi. Ɗan masunta ne, jikan masunta. Ubansa in ya shiga ruwa, sai an tara mutane su taya shi fito da kifi. Amma shi, albasa ba ta yi halin ruwa ba. Tun da ya tasa bai taɓa kawo kifin da zai rufe gindin tukunya ba.

Kun dai san ƙarƙashin ruwan nan akwai tsofaffin garuruwan da madatsa ta cinye. To, mutumin naku shi ya zama mai kwaso kayansu. Yau ya jefa tarunsa na birgi ya jawo turmi, gobe ya jawo tsohuwar fartanya, jibi ya jawo ƙyauren rumbu. Har mutanen gari suka saba. Wanda ya tuna kakarsa ta bar wani abu a tsohon gari, sai ya biyo ta ƙofar gidansa ya ce, "In ka hita yau, don Allah ka duba muna tukunyar Inna."

Abin yana ci masa rai ƙwarai, ba wasa ba. A garinsu, duk wanda ya kama babban kifi, busar da ƙoƙon kan yake yi ya rataye a ƙofar gida, mai wucewa ya san nan gidan masunci ne. Kowace ƙofa da nata. Tasa ƙofar kuwa turame ne jere. Matarsa Dudu sana'arta banda, amma kullum kifin mazan wasu take shanyawa a kan wuta. Shi dai ba ya roƙon Allah komai sai ƙoƙon kai guda ɗaya da zai rataye, a ce masa masunci ko sau ɗaya kafin ya mutu.

Rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Wata rana ya rasa abin da zai maƙala wa mamarinsa, wato doguwar igiyar nan mai ƙugiyoyi, sai ya lallaɓa ya yayyanka sabulun wankin Dudu ya maƙala. Da hantsi ya je dubawa. Ya ja, ya ji nauyi. Ya ƙara ja, ko motsi.

Ya ce, "Shi ke nan. Wanga karon dutsin niƙa na."

Yana cikin tsaki sai ga wani gashin baki ya ɓullo, dogo kamar bulala. Sai ga na biyu. Sai ga kai, faɗinsa ya yi ƙyauren ɗaki. Tarwaɗa ce, irin wadda ko a bakin tsofaffi ba a taɓa jin labarinta ba. Ta dube shi, ya dube ta. Tsoro ya sa ya rasa abin faɗi, sai ya ce, "Salamu alaikum."

Sai daga baya ya tuna ihu ake yi. Ya kwarara ihu, maƙwabcinsa Zaidu ya sheƙo da majiya ƙarfi. Da kyar da jiɓin goshi suka zura mata igiya ta baki ta fito ta gefen kunne, suka kafa turke a bakin ruwa suka ɗaure ta, kamar yadda ake yi wa babban kifi don ya zauna da ransa har a san yadda za a yi da shi.

Mutumin naku ya riƙe ƙugu ya ce, "Zaidu, yau mi za ku ce mani?"

Zaidu ya ce, "Kamu kam ka yi, ba mu hana ka ba. Amma ka san doka. Kihin da ke numhwashi cikin ruwa ba na kowa ba na. Sai kai ya hau ƙohwa."

Kafin a ce haka, sai ga Dudu da gudu, ga tsohon ciki, ga wuƙa a hannu, ga babbar tasa a ka. Tana guɗa tana cewa, "Maigida, yau ka hid da ni kunya! A jawo ta! Yau ni ma in yi bandar kihin gidana, maƙiya su mutu!"

Ya ce, "Gaskiyarki. A jawo ta." Ya kama igiya ya fara naɗewa.

Sai aka ji gyaran murya. Tsoho Tanimu ne, Sarkin Ruwan garin, wanda har yau in zai shiga jirgi sai ya zuba wa ruwa ɗan garin gero ya yi masa magana. Ya dogara sandarsa ya leƙa, ya daɗe yana kallo, sannan ya cire hula.

Ya ce, "Yaro, ka san wadda kak kama?"

"Tarwaɗa ta, Baba."

"Tarwaɗa a bakinka. Wagga tun muna tsohon gari nis san ta. Ta girme ka, ta girmi ubanka. Ita ka tsaron makwancin kakanninmu can ƙasa. Wanda yas sa mata wuƙa, ruwan ga ba shi ƙara ba shi ko ɗan ƙaramin kihi har abada."

Mutumin ya sosa ƙeya ya ce, "Ai Baba, dama ba shi ba ni."

Mutane suka kwashe da dariya. Tsoho ya ji haushi, ya nuna cikin Dudu da sanda ya ce, "To, ci ta. Amma abin da za a haihwa maka, mace ko namiji, da gashin baki za shi zo. Irin nata."

Mutumin ya dubi cikin matarsa, ya dubi gashin bakin tarwaɗa, ya sake duban cikin. Sannu a hankali ya warware igiyar da ya naɗe, har ya ƙara mata da wadda ke cikin jirginsa.

Dudu ta ce, "Mi kaka yi haka?"

Ya ce, "Ban sake ta ba. Na dai ɗan sassauta mata, shawara nika yi."

To, nan fa aka shiga. Shi mutumin nan Allah ya yi shi da wani hali: duk wanda ya yi masa magana a ƙarshe, shi ne mai gaskiya. Wanda ya zo ya ce a riƙe, sai ya naɗe igiya kamu ɗaya. Wanda ya zo ya ce a sake, sai ya ƙara igiya kamu ɗaya. Tun daga nesa in ka hango inda tarwaɗa ke iyo, ka san wanda ya bar wurin yanzu.

Ya tafi wajen liman ya raba gardama. Liman ya saurare shi tsaf, ya shafa gemu ya ce, "Kihi halal na, ba ko shakka. In ka sake ta kuma, sadaka ta, kana da lada."

"To, Malam, wanne za ni yi?"

"Wanda ranka yak kwanta da shi. Sai dai in ka yanka, ka san hanyar gidana. Wajen ciki nika so, haƙorana sun tahi."

Ya dawo bakin ruwa bai san ko naɗewa zai yi ko warwarewa ba. Sai ya naɗe da hannun dama, ya warware da na hagu.

Labari ya kai Yelwa. Sai ga wani ma'aikacin gwamnati mai kula da harkar kifi, sunansa Bitrus, ya iso a kan babur, da tef na awo a aljihu. Ya naɗe wando ya shiga ruwa, ya sa Zaidu ya riƙe bakin tef a kan hancin tarwaɗa, shi kuma ya yi ta ja. Tef ya ƙare, kifi bai ƙare ba. Bitrus ya fito da sauri.

Ya ce, "Malam, ka san abin da ke hannunka? Ba a taɓa ganin irin wannan ba, ko a Argungu. Jiharmu sabuwa ce, muna neman abin nunawa. Sunanka sai ya shiga rediyo."

"Rediyo? Har da sunan babana?"

"Har da na kakanka."

"To, sai in yanka ke nan."

"Kai! Kul! Ka yanka uwar kifi mai ƙwai? Ai irinta ake nema a cikin ruwa."

"To, sai in sake ta."

"Ka sake ta wa ya gani? Ka sake ta ka saki tarihi."

Mutumin ya zauna daɓas a ƙasa ya ce, "Ranka shi daɗe, to ƙaƙa za ni yi?"

Bitrus ya hau babur ya ce, "Kada ka riƙe, kada ka sake, sai oga ya zo daga Birnin Kebbi da babban sikeli." Ya tayar da babur ya tafi, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Ana cewa shawara ɗaukar ɗaki ce, amma wannan shawarar gari guda ta ɗauka. Masu cewa a sake sun ɗan fi yawa, domin tsofaffin mata duk bayan Tanimu suke, saboda haka igiya ta yi ta ƙaruwa. Ya ƙulla igiyar jirgi. Ya ƙulla ta shanya. Ya kwance akuyar gidansa ya ƙulla tata. Ya bi maƙwabta aro. Kafin wani lokaci awakin garin duk suna yawo cikin shinkafar mutane, mata kuma suna tsaye bakin rijiya da guga ba igiya. Tarwaɗa kuwa ta samu fili, tana zuwa har tsakiyar ruwa ta sha iska ta dawo.

Ga kuma maganar ciyarwa. Mutumin ya ce tun da Baba Tanimu ya ce ta girmi ubansa, ai ba a ɗaure babba da yunwa, kuma baƙonka annabinka. Ya fara da hanjin kaji. Ya koma kai mata dawon fura. Daga nan ya ga hanji ba ya isarta, sai ya fara kai kazar gaba ɗaya. Ya kuma daina ce mata tarwaɗa, sai Inna. Da safe ya durƙusa bakin ruwa ya ce, "Inna, an tashi lahiya? Ya sanyi?" Ita kuma ta buɗe baki, ya jefa.

Inna ta yi ɓul-ɓul, fatarta har sheƙi take. Mutumin naku kuwa ya rame, wuya ya yi tsawo, don rabonsa ma ita yake kai wa.

Ranar da ya kama zakaran Dudu na ƙarshe, ta tare ƙofa. Ta ce, "Aje shi. Wallahi aje shi. Ni da nike da ciki ban ci kaza ba, sai wata uwarka ta cikin ruwa?"

"Ki yi haƙuri, na kusa gama shawara."

"Gama ta. Na aika ma 'yan'uwana Shanga. Kana juya baya za su tumɓuke turken ga su jawo ta tudu. In ɗiyan ya zo da gashin baki, akwai wanzami."

Ya saki zakara ya fita. Bai yi nisa ba ya ci karo da Tanimu, yana wasa wata 'yar wuƙa a bakin dutse.

Tsoho ya ce, "Yaro, haƙurina ya ƙare. Kana juya baya za ni kwance ta daga turken ga, kowa shi huta."

Gaba kura, baya siyaki. Mutumin ya je bakin ruwa ya tsaya yana kallon turke. Ya ce a ransa, duk fitinar nan turken nan ne ya jawo ta: mai son ja, turke zai nufa; mai son saki, turke zai nufa. Ashe abin da ake bukata turken da ba a tumɓukewa, ba a kuma kwance shi a ɓoye. Nan take dabara ta zo masa, irin tasa. Ya kwance igiya daga turke, ya zagaya ta a ƙugunsa, ya yi mata ƙullin masunta, wanda in an ja ƙara tamkewa yake. Shi kaɗai ne abin da ya iya a cikin duk abin da ubansa ya koya masa, ya kuwa yi shi da kyau. Ya ɗauko babban goransa na iyo, ya kife a ruwa mara zurfi, ya hau ya zauna yana murmushi.

Zaidu ya zo wucewa ya gan shi. Ya ce, "Kai kuma mi ag ga ƙugunka?"

"Turke na. Yanzu mai son taɓa Inna sai shi taɓa ni."

Zaidu ya juya da sauri. Ya je ya kira mutane, don ya san abin kallo bai kamata mutum ya ci shi kaɗai ba.

Can sai Inna ta taso karin kumallo. Ta matso, ta buɗe baki kamar kullum. Mutumin ya laluba, ba kaza, ba dawo. Abin da ya samu ya sato a gida ɗan dusar awaki ne a ƙullin tsumma. Ya zuba mata. Ya ce, "Ki yi haƙuri, Inna, yau gida ba daɗi."

Inna ta ɗanɗana. Ta furzar. Ta dube shi da ƙananan idanun nan nata, ta juya a hankali, ta nufi tsakiyar ruwa.

Igiyar gari guda ce, saboda haka ta ɗauki lokaci tana warwarewa. Mutumin yana zaune a kan gora yana kallon ta shanya ta wuce, ta akuya ta wuce, ta guga ta wuce. Har yana ce wa mutane, "Ku kwantar da hankalinku, shan iska ta tahi, yanzu za ta..."

Fuuu! Sai gora ya tashi da shi.

Ya rungume gora da hannu da ƙafa, ruwa na tsagewa gefe biyu. Bakin gaɓa ya kaure. Ga Dudu da 'yan'uwanta sun iso, suna ihu, "Riƙe ta! Riƙe ta!" Ga Tanimu da tsofaffin mata suna ihu, "Sake ta! Sake ta!" Ga masu igiya suna bin gaɓa da gudu, kowa na kiran tasa. Daga can nesa aka jiyo muryarsa sama-sama: "Ku dakata! Ban gama shawara ba!"

Suka yi kudu. Suka cim ma wani jirgin fasinja mai inji, cike da 'yan kasuwa da buhunan gero, suka wuce shi kamar yana tsaye. Direban jirgin ya miƙe ya kare ido da hannu ya ƙwala masa kira, "Kai mai gora! Wane irin inji na wanga? Ina aka sai da shi?"

Ya ce, "Ba shi cin mai, kaza shika ci! Ku cece ni!"

Da suka kai saitin tsohon gari, inda kan wata busasshiyar kuka ke leƙowa daga ruwa, sai ya ji igiya ta fara yin ƙasa. Ya fashe da kuka ya ce, "Inna, don girman Allah, in gida za ki, sauke ni! Ni ban da kowa can sai matattu, kuma na kwashe masu turame, ba su ƙaunar ganina!"

Ko ta ji, ko dai goran ne ya ƙi nutsewa, oho. Ta taso, ta miƙe hanya. Tana tafe yana salati, tana kwana yana kwana. Hula ta tafi, riga ta tsage, wando ma sai da ya yi da gaske ya riƙe shi.

Ranar kuwa kasuwar Wara ke ci. Bakin ruwa cike da jirage, masu kifi, masu albasa, masu jiran ƙetarawa. Sai aka hango abu tafe: gashin baki a gaba, doguwar igiya mai ƙulli-ƙulli a tsakiya, can baya kuma wani abu a kan gora yana kiran sunan Allah. Kasuwa ta watse, kowa ya yo bakin ruwa.

Inna ta zo daf da gaɓa, ta yi wata irin kwana. Gora ya yi sama, mutumin ya yi sama, ya faɗo tim cikin taɓo a gaban mata masu banda. Ita kuma ta tsaya a ruwa mara zurfi, rabin bayanta a waje, mutane na ta salati don ba su taɓa ganin irinta ba. Ta ɗago kai ta ƙare masa kallo, tun daga ƙafa har ka. Sannan ta girgiza kai sau ɗaya. Igiyar da ta gama cin gefen bakinta a hanya ta zame ta faɗi. Ta kaɗa wutsiya, ta jiƙa na gaba-gaba, ta nutse.

Mutumin ya tashi zaune cikin taɓo, ya jawo igiya, ya ga ba komai a bakinta. Ba kifi, ba ƙoƙon kai, ba rediyo. Idonsa ya kawo ruwa. Amma da ya waiga ya ga jama'ar kasuwa guda sun zuba masa ido, sai ya ga ai ko ba komai ya samu shaidu, irin waɗanda bai taɓa samu ba. Ya miƙe, ya gyara abin da ya saura na wando, ya share taɓon fuska, ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Jama'ar Wara, kun dai gan ta da idonku. Ku shaida, ni masunci na, ɗan masunci. Ni nik kama ta. Na daɗe ina shawara, yau na yanke: na sake ta, don Allah."

Wata tsohuwa mai banda, da ke juya kifi a kan wuta, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Ta ce, "Kai ɗan nan, ji tsoron Allah. Mu ga idonmu ita tak kamo ka, tak kawo ka tudu, tad duba tag ga ba ka kai ba, tas sake ka ka ƙara girma."